Jakar Kwaɗo da Shagon Auta

Litinin, da hantsi

Yau an karanta shi. Ƙudurin da aka daɗe ana raɗe-raɗinsa ya shiga majalisa, an yi masa karatu na farko, da kunnena na ji a rediyon Dogo, abokin aikina. Ina cikin shafa wa kwaɗon rufe shago mai sai na ji magatakarda yana karanto sunansa, dogo kamar igiyar shanya: dokar ƙara wa'adin biyan haraji ga waɗanda bala'i ya afka wa. Ban san na miƙe tsaye ba, kwalbar mai ta kife a kan teburin Oga. Dogo ya ce, "Anti Kwaɗo, ƙwallo aka ci ne?" Na ce ai ta fi ƙwallo.

Bari in rubuta yadda abin yake, don in na rubuta hankalina yakan ɗan zauna. Ni ce mai jakar kwaɗo a ofishin haraji. Duk mai shagon da wa'adi ya wuce bai biya ba, ni da Dogo muke zuwa, shi ya liƙa jar takarda, ni in datse ƙofa. Shagon da ya sha kwaɗo a layin hukuma kuwa, ba a jimawa ake karɓe izininsa a ba wani, don masu jira sun fi shagunan yawa. Wa'adin bana ƙarshen watan nan ne. Layin bayan gada nawa ne. Shagon ɗinkin ƙanena Auta yana layin bayan gada, kusa da famfo, ba a biya ba, kuma babu abin biya a gidan yanzu. In dokar nan ba ta fito kafin ƙarshen wata ba, da hannuna zan sa masa kwaɗo.

Amma za ta fito. Jikina ya ba ni.

Litinin, bayan la'asar

Daga ofis gidan Inna na wuce, kamar kullum tun ranar ruwa, ranar da ambaliya ta ci gari. Na bi ta bayan asibiti, ya fi nisa amma akwai inuwa. Tabarmi suna nan a shimfiɗe a tsakar gida ko da yake ƙafa ta ɗauke, sai jifa-jifa. Matar Auta tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana warware bakin wani tsohon zane da reza, ba don komai ba, don hannunta ya ƙi zama.

Tun daga soro na fara ba da labari. Na ce za a ɗaga wa'adi har zuwa baɗi ga duk wanda ruwa ya yi wa ɓarna, babu tara, babu kwaɗo. Inna ta dube ni ta ce, "Doka kuma? To ita ce za ta..." sai ta ci gaba da jan carbinta. Matar Auta ce ta aje rezar ta ce, "Yaya, har da namu?" Na ce har da namu mana, mu ne ma farko. Ta ɗan yi murmushi, na farko da na gani a fuskarta a makonnin nan, sai na ji kamar ni na rubuta ƙudurin.

Talata, da azahar

Ashe doka ma sai ta yi karatu uku kafin a yaye ta. Dogo ne malamina. Shi da ko takardar albashinsa ba ya iya adanawa, amma majalisa a kansa take. Ya ce bayan karatu na biyu za a tura ƙudurin kwamiti, a kira jama'a a ji bakinsu, sannan karatu na uku, sannan a kai wa shugaba ya sa hannu. Na ce duk a cikin watan nan? Ya ce, "In sun ga dama, a yini ɗaya suke ƙara wa kansu alawus."

Mun raɗa musu sunaye don mu riƙa gane su a rediyo. Mai jagorantar zama shi ne Mai Guduma. Akwai wani da Dogo ya taɓa gani, ya ce in zai yi gardama sai ya cire tabarau ya goge, shi ne Mai Tabarau. Wadda ta kawo ƙudurin kuwa tsohuwar malamar makaranta ce, muryarta har yanzu ta mai tsawata wa 'yan aji, don haka Malama. Ni dai ƙungiyar Malama nake, kuma na gaya wa kowa a ofis.

Laraba, da yamma

Ban bi ta gada ba.

Alhamis, bayan azahar

Karatu na biyu. Mun rufe tagar karɓar kuɗi da sunan cin abinci, muka kewaye rediyo har da masu shara. Malama ta yi magana yadda ya kamata. Ta ce mutumin da ke kwashe laka daga ɗakin kwanansa da kwano bai kamata a tambaye shi rasit ba. Ta ce ba yafewa ake nema ba, lokaci ake nema. Na yi tafi ni kaɗai, Oga ya leƙo ta ƙofa ya harare ni, amma bai koma ciki ba, ya tsaya yana ji.

Sai Mai Tabarau ya miƙe. Dogo ya ce, "Yanzu haka yana gogewa." Ya ce shi ba ya ƙin tausayi, amma in an buɗe ƙofar nan kowa zai ce ruwa ya ci shi, har wanda shagonsa ke hawa na uku. Na ce wa rediyon ya zo bayan gada ya gani da idonsa. Dogo ya ce, "Ke kin je ne?" Da ya gane bakinsa ya zarce sai ya hau murɗa eriya.

An kaɗa ƙuri'ar murya, masu "e" sun rinjaya, guduma ta sauka. Na aika aka sayo wa ofis lemo. Oga ya sha biyu.

Asabar, da hantsi

Kasuwa yau ta zama wani abu daban. Ni da in an hango jakata ake sauke labule a ce mai shagon ya je masallaci, yau ni ake kira. Mai kayan miya ta jawo mini kujera, wai, "Anti, yaya labarin dokarmu?" Mai gyaran agogo, wanda na taɓa datsewa har sau biyu kuma tun lokacin ba ya amsa gaisuwata, ya tsallako titi ya ce da gaske ne? Na tsaya a tsakiyar kasuwa ina bayanin karatu uku kamar da ni aka kafa majalisar. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Wata ta taɓa jakar ta ce ɗinkin nan da ƙarko yake, wa ya yi? Auta ya yi. Da tamfol mai kauri ya ɗinka mini ita shekarar da na kama aiki, ya yi wa kowane kwaɗo aljihunsa don kada su riƙa ƙara suna tona mini asiri tun daga nesa. Ranar da ya ba ni ya ce, "Yaya, duk ranar da za ki rufe ni, ki zo da kwaɗo mai kyau, kada ki kunyata ni a layi." Na ce zan zo masa da wanda ya fi kowanne tsatsa. Bakin yaron nan ba ya mutuwa.

Na dawo gida ban sayi gishirin da ya fitar da ni ba.

Lahadi, bayan la'asar

Na danna lambar Auta in gaya masa an tura ƙudurin kwamiti. Na tuna tun kafin ta shiga.

Talata, da yamma

Ranar jin ra'ayin jama'a. Ma'aikacin haraji ba ya magana a irin wurin nan sai an ba shi izini, amma Oga yana buƙatar mai riƙe masa jaka, ni kuwa tun jiya na goge mayafina. Ga ni yau a cikin majalisa. Ɗakin bai kai girman da nake zato ba, kujerun ma wasu sun yage, fanka ɗaya tana kuka. Amma na ga Malama ido da ido. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai kafaɗata ba, takalminta na roba. Mai Tabarau kuwa ya goge tabarau a gabana har na kusa yin dariya.

Mutane sun yi magana. Wani mai gidan burodi ya shigo da bokiti, masu gadi suka hana shi, ya ce ai rasit ɗinsa ne na shekaru, aka buɗe aka ga laka ce mai ɗan fari-fari. Ɗakin ya kwashe da dariya, shi ma ya yi, sannan ya share ido da hularsa. Wata mai kantin magani ta ce an dawo da wuta a layinsu amma har yanzu ba ta iya kwana in an yi hadari. Oga ya miƙe, ni kuwa ban san ɓangaren da zai bi ba. Ya ce ofishinmu ba ya jayayya da ƙarin wa'adi, sai dai a sa sharaɗi cewa ma'aikaci ya je ya ga ɓarnar kayan sana'a da idonsa. Mai Tabarau ya gyaɗa kai, Malama ma ta ce ta yarda. Na so in rungume Oga, amma na tsaya a riƙe masa jaka.

Dab da tashi Malama ta ce tana da gyara guda da take so a ƙara. Ta ce akwai shagunan da ruwa bai taɓa kayansu ba, amma mai shagon... Zafi ya yi yawa a ɗakin. Na fita neman ruwan sha, na daɗe a baranda ina kallon masu wanke motoci. Da na dawo an tashi.

Laraba, da safe

Dogo ya fara ba ni labarin gyaran Malama, na ce ya bari, ina lissafin makullai.

Alhamis, bayan azahar

Ta leƙo ta koma. Yau ya kamata a yi karatu na uku, amma ba su cika ba. Ba su cika ba! Mai Guduma ya ƙirga kawuna ya ce ba a kai adadi ba, an ɗage zama sai mako mai zuwa. Wai wasu sun tafi ɗaurin auren 'yar wani babba. Mutane na kwana a ajin makaranta, su suna can suna cin shinkafa. Na kashe rediyon da ƙarfi har murfin batir ya faɗo, Dogo ya bi shi ƙarƙashin tebur yana cewa rediyon ba ɗan majalisa ba ne.

Ana wata ga wata. Oga ya kira mu ya zube sababbin kwaɗo a tebur, har yanzu a takardarsu. Ya ce shi ma yana fata, amma ba a fafe gora ranar tafiya, in ƙarshen wata ya zo babu doka, aiki za mu fita. Bai dube ni ba da yana faɗa. Na zuba su a jaka, na ɗaga, igiyar rataya ta tsinke daga gefe ɗaya. Duk suka watse a ƙasa. Na durƙusa ina tsinta ina zagin igiya, zagin da igiya ba ta cancanta ba.

Na ƙulla ta da waya. Akwai tela a ƙofar ofis, ba zan kai masa ba.

Juma'a, da la'asar

Matar Auta ta ga wayar ta ce in kawo ta gyara mini da allura. Na ce ba komai, tana riƙewa. Ta ce, "Yaya, kin je kin duba shagon?" Na ce aiki ya yi yawa. Ta ce, "Ba ta layin kike aiki ba?" Na ce an hana shiga sai laka ta bushe, wanda ba ƙarya ba ne a makon farko.

Ta yi magana mai tsawo yau, abin da ba ta saba ba. Ta ce ita ba ta fita yanzu, na sani, amma in watanninta suka cika za ta zauna a shagon. Ta iya keke tun kafin aure, shi ya ƙara koya mata yanka. Ta ce ba za ta zauna tana jiran Inna ta raba mata tuwon da ita ma ba ta da shi ba. Ta ce, "In dai kekunan suna da rai, kuma in dai ba a karɓe shagon ba. In sun tafi, to ban san ta inda zan fara ba." Makullin yana rataye a ƙusa bayan ƙofarta, inda Baban yara, maigidana, ya rataye shi ranar da aka kawo shi tare da agogon Auta. Duk maganar nan shi take kallo.

Na ce mata dokar za ta fito, na hau ba ta labarin bokitin mai burodi har ta yi dariya. Na iya ba da labari, wannan kam an bar mini.

Lahadi, da hantsi

Baban yara ya ce kwanan nan na fi hira da rediyo fiye da mutanen gidan. Ya ce, "Kin san sunan kowane ɗan kwamiti, amma jiya sau biyu kika zuba sukari a shayina." Na ce ya gode Allah ba gishiri ba ne. Ya zauna kusa da ni ya ce, "Ki yi kuka mana, ba wanda zai rage miki albashi." Na ce kukan me, ana dab da karatu na uku? Na tashi na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Talata, bayan azahar

Ta wuce. Ta wuce, ta wuce. Rubutun ma ya karkace don murna. Sun cika yau, har da ƙari, don masu shaguna sun je sun zauna a ƙofar majalisa tun safe, mai burodi da bokitinsa a gaba. Mai Tabarau da kansa ya ce tunda an sa sharaɗin dubawa, shi ma yana goyon baya. Na yafe masa duk abin da na faɗa a kansa, har wanda ban rubuta a nan ba. Da guduma ta sauka Dogo ya ɗaga rediyon sama yana zagaya ofis, mai shara tana guɗa, ni kuwa na cire takalmi na taka rawa a kan siminti, da girmana. Oga ya ce a mayar da hankali, bakinsa har kunne.

Saura sa hannun shugaba. Na so in ce haƙa ta kusa cimma abin da take nema, amma bari dai.

Na bi ta bayan asibiti na kai wa su Inna labari. Inna ta ce Allah ya yi wa Malama albarka, ko da ba ta san ta ba.

Laraba, da yamma

Bai sa ba. Wai yana hanya.

Alhamis, da yamma

Bai sa ba. Wata ya kusa mutuwa. Na fito da sababbin kwaɗon na duba su ɗaya bayan ɗaya, na sami kaina ina zaɓen wanda ya fi kyau. Na mayar da su na zuge jakar.

Juma'a, da hantsi

Ya sa. A labaran safe aka faɗa, ina ɗaura ɗankwali. Na fito tsakar gida da kai a buɗe ina kiran Baban yara, maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta zaci haihuwa aka yi. A mota na gaya wa direba da duk wanda ke ciki, wani tsoho ya ce shi ba shi da shago, na ce duk da haka ya taya mu murna.

A ofis Oga ya tara mu ya karɓe sababbin kwaɗon ya kulle a durowa. Wannan ƙarar durowar ta fi mini kowace waƙa daɗi. Sannan ya karanta mana yadda aikin zai kasance. Daga Litinin za mu bi layi-layi, a buɗe kowane shago a gaban mai shi ko wakilinsa, mu duba, mu rubuta dalili. Dalilai biyu doka ta sani. Na farko, ruwa ya lalata kayan sana'a. Na biyu ya karanta ina neman biro a jaka.

Bayan an watse ya tsayar da ni. Ya ce ba ni zan sa hannu a kan shagon ɗan'uwana ba, Dogo zai sa, in ma ina so sai ya canja mini layi gaba ɗaya. Na buɗe baki zan ce na gode, sai ya ce amma dole wani daga gidan ya zo da makulli ya tsaya a matsayin wakili. Matar Auta ba ta fita. Inna ƙafafunta ba za su kai ta ba. Baban yara suruki ne, doka ba ta ƙirga shi ba.

Ni da na yi ta addu'a dokar nan ta fito. To ga ta ta fito, ta kama hannuna za ta kai ni.

Asabar

Ban fita ba.

Lahadi, bayan la'asar

Na karɓo makullin. Matar Auta ta cire shi daga ƙusa da kanta ta sa mini a tafin hannu ta rufe yatsuna a kai. Na sa shi a jaka na fito.

Litinin, da yamma

Mun bi ta doguwar hanya, Dogo bai tambayi dalili ba. Layin bayan gada ya cika da mutane, kowa a ƙofar shagonsa yana jiranmu, karo na farko a tarihin aikina. An yi ta yi mana sannu da zuwa. Mun duba na mai aski, kujerunsa sun kumbura sun fashe. Mun duba na mai sayar da littattafai, ba sai an shiga ba, wari ya isa. Dogo yana rubuta dalili na farko, dalili na farko, mutane suna godiya kamar kyauta muke rabawa. Ina ta surutu, ina zolayar kowa. Da muka matso famfo sai layin ya yi tsit, mutane suka ɗan ja baya.

Kwaɗonsa ne a ƙofar, a datse daidai, laka ta bushe a bakinsa. Makulli ya ƙi shiga. Na durƙusa na fito da kwalbar maina, na sakace ramin da tsinke, na ɗiga, na jira, na sake ɗigawa. Shekaruna nawa ina rufe ƙofofin mutane, ban taɓa lallashin kwaɗo irin na yau ba. Ya buɗe.

Ƙasa duk laka ce ta bushe ta tsattsage. A bango akwai layin da ruwa ya tsaya, ya kai mini ƙirji. Na ɗaga kai. Ya ɗora benci a kan teburin yanka, ya ɗora katako a kan benci, kekunan duka suna can sama dab da rufi, kowanne an naɗe shi da leda an ɗaure da ƙyalle, irin ƙullin nan nasa mai kunne ɗaya da nake cewa na malalata ne. Ɗinkunan mutane ya rataye su a jikin katakon rufi, kowanne da sunan mai shi da alli. Har almakashinsa ya sa a leda. Ya gama tsaf, bai bar komai a ƙasa ba, ya fito ya kulle, ya kama hanyar gida. Ta gada.

Dogo ya hau tebur ya kwance ɗaya ya juya ƙafar keken da hannu. Ta juya sumul, ko ƙara babu. Ya sauko ya tsaya yana kallon takardarsa. Ya ce, "Anti, kayan nan ko ɗigo bai taɓa su ba." Na ce to ai alheri ne. Ya ce, "Alheri ne. Amma dalili na farko ba zai hau ba." Na ce ya rubuta bango, ga layin ruwa nan. Ya ce bango na hukuma ne, ba kayan sana'a ba. Na ce ya rubuta tebur, ƙafafunsa sun jiƙe. Na ce ya rubuta zare, ya rubuta tsintsiya. Ina jin muryata tana hawa, mutane a ƙofa sun sunkuyar da kai.

Ya bari na gama. Sannan a hankali ya ce, "Akwai na biyu, Anti. Na Malama. Na sani, duk layin nan sun sani, amma doka ta ce daga bakin wakili zan ji kafin in rubuta. Ki yi haƙuri."

Na kalli ƙullin nan mai kunne ɗaya. Na ce mai shagon ya rasu. Dogo ya ce, "Yaushe?" Na ce ranar ruwa. Ya ce, "Mene ne shi a gare ki?" Na ce ƙanena ne, autanmu, ni na goya shi. Wannan na ƙarshen babu wurinsa a takardar, amma ya tsaya ya ji. Ya rubuta, ya miƙo mini biro, na sa hannu. Daga nan na zauna a kan busasshiyar laka da kayan aikina na yi kukan da Baban yara yake ta nema. Matar mai aski ce ta shigo ta riƙe ni. Ban san tsawon lokacin ba, Dogo dai ya ƙarasa sauran layin shi kaɗai.

Na mayar da kwaɗonsa na kulle. Nasa, ba nawa ba. Na dawo ta gada. An gyara ƙarfen gefe, ruwan ya koma ɗan siriri a ƙasa, yara ma suna wasa a bakinsa.

Auta ya rasu. Ga shi na rubuta a nan ma. Allah ya ji ƙanka, ɗan Inna.

Talata, bayan la'asar

Tun ina soro matar Auta ta miƙe. Na ce shagon nata ne har baɗi, ba mai taɓa shi. Ta ce, "Kekunan fa?" Na ce suna nan lafiya lau, ya ɗaga su sama ya naɗe, har almakashi. Ta zauna a inda take tsaye ta rufe fuska da mayafi. Inna ta ce, "Haka yake tun yana yaro, ba ya barin abu a ƙasa." Muka zauna mu uku a tabarma, muka yi ta hirarsa da sunansa har inuwa ta kai bango, ana kuka ana dariya.

Da zan tafi na cire jakar daga kafaɗa na miƙa mata. Ta warware wayar, ta juya igiyar ta duba ɗinkin. Ta ce tamfol ɗin ya yi kauri, allurar hannu ba za ta huda shi ba, sai da babban keke, sai ta fita takaba.

Na ce ta aje, zan jira. Ai an ƙara wa'adi.